Ranar da Aka Busa Ƙahon Tuta Ina Tsakiyar Hanya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a Gaya ba, zamanin mulkin soja, lokacin ina mushen lakwal, wato malamin makaranta. Shekaru sun ja, amma har yau ban iya ba da labarin ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Shekara shida kafin ranar, an yi mani aikin apandisit a Dosso. Da na dawo gida sai ka ce daga yaƙi nake. Duk wanda ya zo yi mani sannu sai na ɗaga riga na nuna masa ɗinkin (har da surukata, Allah Ya yafe mani). Na bi gari ina cewa ni da ciwon ciki mun rabu har abada, an cire tushensa an yar. Wanda ya ce cikinsa na murɗawa, ni ne likitansa: “Tafi Dosso a yanke maka, ka huta kamar ni.” Direbobin tasha har suna suka sa mani, wai Mushe Mai Sabon Ciki, kuma wallahi sunan yana mani daɗi.

To, sai ga ciwon ya dawo. Da farko zawo ne, na ɗora wa kifin bakin kogi laifi. Daga nan murɗa, daga nan jini. Na rame har wanduna suka yi mani yawa. Tsoro ya kama ni, tsoron mutuwa na gaske, ga ƴaƴa ƙanana. Amma da wane baki zan je wurin likita, ni da na cika gari da surutu? Ko matata Hadiza ban gaya wa ba. Wata bakwai ina wannan wauta.

Wanda bai ga zamanin ba, bari in gaya masa. Kowace safiya in za a ɗaga tuta a gaban biron sufurefe, wato ofishin shugaban gunduma, soja na busa ƙaho, kuma duk wanda ƙarar ta riska dole ya tsaya cak inda yake. Mai keke ya sauka, mai talla ta tsaya da kayanta a ka. In ka motsa ka sha tsallen kwaɗo cikin rana, in ka yi sa'a ke nan.

Ranar na fito zan tafi lakwal cikin farin wando, sai cikin ya murɗa daidai gaban biron. Na san minti biyu nake da shi, ba ƙari. Gidan wani abokin aikina na kusa, ina hangen ƙofarsa. Na ɗaga ƙafa ke nan aka busa.

Na tsaya. Yaya zan yi? Ga soja yana kallona, ga iyayen ɗalibaina, ga direbobin nan masu yi mani kirari. Na matse, na karanto duk addu'ar da na sani. Ita kuwa tuta kamar da gangan ake jan ta, a hankali, a hankali. Kafin ta kai sama abin ya ƙwace mani. Na ji ɗuminsa yana bin ƙafata, da jinin da komai, har cikin takalmi.

Aka gama, kowa ya motsa, ni na kasa. Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi dariya ciwo. Sojan ya dubi wandon ya kau da kai. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ce ta sauke kwandonta, ta cire mayafinta ta ɗaura mani a ƙugu.

“Ɗana,” ta ce, “wannan ciwo ne. Tun yaushe kake ɗauke da shi?”

Sai hawaye suka zubo mani.

Na tafi asibitin Dosso, daga can aka tura ni Yamai. Likita ya ce kumburin hanji ne, irin wanda ake lallaɓawa, ba a rabuwa da shi. Ya ce cire apandisit ba ya kare mutum daga wannan, ana ma ganinsa ga waɗansu da aka yi wa aikin, ko da yake ba a tabbatar da dalili ba. Sannan ya faɗi wadda ta fi ƙona mani rai: da na zo tun farko, wataƙila da magani ya isa, amma yanzu sai an yanke wani yanki na hanjin.

Hadiza na zaune tana ji. Da likitan ya fita na ce mata, “Ki yafe mani, na ɓoye maki.”

“Me ka ɓoye, Malam?” ta ce. “Ai ni ke yi maka wanki. Kullum ina jiran ka buɗe baki. Na ji nauyin tambayarka, kai ka ji kunyar faɗi, ga inda muka kai ka.”

Abin da na koya kaɗan ne, kuma da wuƙa aka koya mani shi. Mutuncin da na yi wata bakwai ina tattali, cikin minti ɗaya ya zube a gaban rabin Gaya, kuma cikin wata biyu mutane suka manta. Hanjin da aka yanke kuwa bai sake tsirowa ba.