Sunana Yana Layin "K"

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙorafi jami'a ba, ko da yake wasu abubuwan sun fara rikice mini. Wataƙila ma kunya ce ta goge su.

Na nemi gurbin digiri na biyu. Da aka kafe sunayen waɗanda aka ɗauka a allon sanarwa, na je na duba layin "Y", domin da shi sunan mahaifina ya fara. Sau huɗu na bi da yatsa (ko biyar ne). Babu ni. Na koma gida Katabu na yi mako uku kamar mai zaman makoki, har maƙwabta suna shigowa yi wa Inna jaje.

Daga baya na rubuta takardar ƙorafi shafi shida. Kusan kowane sakin layi da "mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba, amma" ya fara. Kawuna, tsohon malamin makaranta, ya ce wannan magana ta fi ƙarfin yaro. Ya zura babbar riga ya raka ni.

A ofishin ɗaukar ɗalibai muka tarar da dogon layi, da wata ma'aikaciya, Madam Rifkatu. Da aka zo kanmu Kawu ya gyara murya.

"Madam, yaron nan ko kaza bai taɓa kora ba. A duba mana lamarin nan."

Ni kuma, ba wanda ya aike ni, na buɗe takarda na fara karantawa da ƙarfi. Ina shafi na biyu, daidai inda na ambaci hawayen Inna, ta ɗaga hannu.

"Ɗana, ba ni takardar digirinka. Wane suna ne na ƙarshe a nan?"

"Katabu."

"To, a garinku da 'Y' ake rubuta Katabu?"

Abin da ya faru shi ne, a sakandare mu uku muke da suna ɗaya, sunan uba ɗaya. Sai malaminmu ya liƙa wa kowa unguwarsu: Mando, Rigasa, ni Katabu. Sunan ya bi ni cikin duk takarduna, amma tunda ba mai kira na da shi, na manta nawa ne.

Ta juyo mini da fayil. Ga ni nan, na biyu a layin "K".

"Yau ƙarfe huɗu ake rufe rajista," in ji ta. "Za ka ƙarasa mana karatun ne, ko za ka je ka cike fom?"

'Yan layi suka fashe da dariya. Kawu ya kalli taga ya ce, "Ni dama rakiya na yi."

Saura minti ashirin a rufe na gama rajista, ina gumi ina murmushi. Washegari Inna ta bi gida gida tana mayar da jaje tana karɓar barka.

Tun daga nan, kafin in ce an zalunce ni, sai na karanta allo daga sama har ƙasa. Duk wanda yake layin ranar, in na yi kuskure ya aiko da gyara. Ban da Kawu, wanda yanzu yake cewa bai ma je ba.