Gonar da Ba Ta Cikin Taswira

Wani mutum ne wai shi Barau, masinja a ofishin safiyo, wato na masu awon ƙasa. Aikinsa kai takarda, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya shata iyakar duniya. Kullum waya a hannu, yana cika baki: "Taswirar nan daga tauraron ɗan'adam take. Dutse, kogi, gini, duk sai ta kewaye su ta fitar min da hanya mafi kusa. Ni da ɓata har abada!"

Ran nan zai je gaida iyayen Lantana, yarinyar da yake mutuwar so, a ƙauyen Tudun Kuka. Bai taɓa ganin mahaifinta Malam Jatau ba, amma dattijon ya aiko cewa a zo kafin la'asar, kuma ba ya magana biyu. Gogan naka ya tsaya karin hula har azahar ta gota, sannan ya ɗauko abokinsa Ilu mai tasi.

Da suka kai mararraba Ilu ya ce, "Mu bi ta gada."

"Gada? Kilomita goma sha biyu! Ga yanke nan, uku kacal. Dubi hoton, fili ne fetal."

"Barau, hoton nan da rani aka ɗauke shi, yanzu kuwa tsakiyar damina muke. Hanyar lafiya a bi ta da shekara."

"Kai ka fi tauraron ɗan'adam sani? Taka mota, malam!"

Suka gangara. Caɓal! Sai ga su tsundum a fadamar shinkafa. Taya na juyi, laka na feshi. Barau ya fito turi, farar shaddarsa ta koma kalar kunun kanwa, takalmi ɗaya ya ce ga garinku nan.

Sai ga wani tsoho da fartanya a kafaɗa. "Samari, lafiya kuka shigo min gona da mota?"

Maimakon ya ba da haƙuri, Barau ya ɗaga masa waya. "Baba, laifinka ne, gonarka ba ta cikin taswira! Maza kawo shanu a ja mu. Sauri nake, surukina Malam Jatau na jirana."

Tsoho ya dubi shinkafarsa da aka kwantar, ya dubi Barau sama da ƙasa.

"Lallai wayarka ba ta yi ƙarya ba, kai tsaye ta kawo ka. Ni ne Jatau."

Barau ya zube a laka, caɓ! "Baba, ina wuni..."

"Riƙe gaisuwarka, yaro. Tambayi wayar hanya mafi kusa zuwa gidanku. Amma ka gaya mata wannan karon ta kewaye shinkafata, ta kewaye 'yata."