Kunun Zaƙin da Ya Kwana Uku

"Ina wuni, amarya? Har yanzu kina nan, mutuwa ba ta gane gidan ba?"

"Lafiya ƙalau, miji marar cefane. Ta zo jiya, na ce ta dakata in ga ranar da za ka yi hankali. Ta ce ita ba ta da wannan dogon lokacin, ta yi gaba."

Haka Uzairu da kakarsa Iya Hansatu suke gaisawa tun yana ɗan tatsitsi, kuma gemun da ya tara bai sa an rage masa komai ba. Ni maƙwabciyarta ce a Rurum Tsohon Gari, gyaɗa na shigo taya ta ɓarewa ran Alhamis bayan la'asar, sai ga shi ya turo babur har tsakar gida, ya ɗaure jarka a baya, ga leda cike da robobi. Uzairu ɗan acaɓa ne a Rano, amma bana ya ce bayansa ya gaji da ramukan hanya, zai koma haɗa kayan sha yana ɗurawa a roba. Wata guda ke nan da ya fara, a waya yake kallon yadda ake yi. Malam Shitu, wanda ya koya masa karatu, shi ya fara yarda da shi: ya danƙa masa abin shan walimar saukar ɗalibansa, wadda za a yi washegari Juma'a da hantsi. Har daga Kibiya da Madachi aka gayyato malamai. Ita kuwa Iya, duk wanda ya tashi a Rurum ya san kununta, sai dai ciwon gwiwa ya sa ta ajiye muciya shekara biyar ke nan.

"Me ka ɗauko min haka? Ko lefen da ka yi shekara talatin kana min alkawari ne?"

"Wa zai yi wa mai haƙori uku lefe? Cikin ukun ma ɗaya na Makka ne, saye aka yi. Harshenki na zo aro. Ina azumin Alhamis, ba halin in ɗanɗana, ga walima gobe."

"Au, yau kuma tsohuwa ta yi rana."

"Ai da tsohuwar zuma ake magani. Ko da yake ke kin wuce zuma, kin kai maɗaci."

"Jera min su, sarkin surutu. Rahma, miƙo min ludayi da ruwa a kofi."

Na miƙa mata. Ya durƙusa ya jera robobi uku a bakin tabarma, ya ɗauki jar ya tura mata gaba yana wani ɗaga kai.

"Fara da zoɓo, shi ne gwanina."

"Ka ji ɗan koyo. Wa ya ce maka da mai ƙarfi ake farawa? In zoɓo ya riga ya kama harshe, duk abin da ya biyo baya ɗanɗanon zoɓo zai yi. Daga mai sanyin hali ake tasowa. Ba ni farin."

Ta zuba kunun aya a ludayi, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta dubi sama kamar mai duban wata.

"Ita ayar ta shiga ciki kuwa, ko wucewa ta yi ta gefen ruwan suka gaisa?"

"Kwano guda na sa."

"A rijiya ka zuba kwanon? Ina dabino? Ina kwakwa? Wannan in ka ba mai jego sai ta kai ƙararka wajen dagaci."

"Na waya cewa ya yi a sa ruwa daidai misali."

"Misalin wa? Na tafki?"

Ta kurkure baki ta zubar, ta karɓi jiƙon tsamiya. Wannan karon har ta ƙara rabin ludayi. Uzairu ya fara murmushi.

"Faɗi gaskiya, amarya, ko ba kya so."

"Ba laifi. Amma tsamiyar ce ta yi ƙoƙari, kai ruwa kawai ka zuba mata."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

"To ga wani takin, ba ni zoɓon."

Tana kai shi hanci ta kawar da kai. Ni ma daga inda nake na jiyo, ƙamshin irin na sabulun wanka ne.

"Kai, sha za a yi da wannan ko shafawa?"

"Filebo ne, Iya. Na abarba, da na ayaba, da na kankana. Zamani ke nan."

"Duka ukun a roba ɗaya? Ai ka tara su ne su yi dambe. Zoɓo ɓawon abarba yake so, da citta, da kanumfari ƙwaya biyar. Ka bar shi ya faɗi sunansa da bakinsa. Naka in aka rufe wa mutum ido sai ya rantse kantin turare ya shiga."

"Ke a zamaninku ai da kanwa da addu'a kuke haɗa komai."

"Kuma da su muka raini uwarka har ta haifo mana kai, ga shi muna ta haƙuri."

Dariya ta sa na watsar da gyaɗar da ke cinyata. Shi kuwa gogan bai karaya ba, ya miƙe ya kwanto jarkar daga babur yana nishi.

"Duk waɗancan share fage ne. Ga uban tafiyar. Kunun zaƙi, irin naki, har ya fi naki. Jarka huɗu ne, uku suna gida."

Tun kafin ya dire ta na ga abin da Iya ta gani. Jarkar ta kumbura ta yi tumbi, gindinta ma ya ƙi zama daidai a ƙasa. Yana murɗa murfin ta yi wani huci, kumfa ta biyo baya tana gangarowa, wari mai tsami ya cika tsakar gidan. Iya ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci.

"Yaushe ka dama wannan?"

"Litinin da yamma."

"Litinin. Walimar kuma Juma'a."

"Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ke da bakinki kika ce kunun zaƙi sai ya kwana yake zaƙi. Na ce to, in kwana ɗaya ya ba da zaƙi, kwana huɗu ai sai an haɗa da ruwa."

"Sannu, malamin lissafi. Kai ma da ka kwana shekara talatin a duniya, zaƙi ka ƙara?"

"Ɗanɗana mana kafin ki yanke hukunci."

"Bakin da na kai Makka na dawo da shi lafiya? Allah ya tsare. Ni dai na san na aurar da 'yata ga manomi, ban san a zuriyarmu za a samu mai dafa burukutu ba."

"Subhanallahi, Iya, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da hancinka yake faɗa maka kana ƙin ji. Gero ne, tsiro ne, ruwa ne, rufewa ce. Su ma masu waccan sana'ar da me kake zaton suke farawa? Kwana ɗaya kunu ne, kwana biyu tsami, daga nan kuma sai istigifari. Ga ka da azumi a baki, ka goyo ta a babur tun daga Rano kana ta yi wa mutane sallama."

"Ƙila ɗan tsami ne kawai. In na ƙara sukari da ƙanƙara..."

"Ka ƙara mata sukari ta ƙara ƙarfi ke nan. Sai ka ɗura wa malaman Kibiya, a ɗaga hannu za a yi fatiha liman ya ce a kawo kalangu."

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskar Uzairu sai ta maƙale. Ya zauna daɓas a kan turmi ya cire hula ya riƙe a hannu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san yaron ba shi da mugun nufi, rawar kai ce kawai irin ta sabon shiga.

"Iya, geron na gonar makaranta ne. Malam da kansa ya auna min, ya ce na gida ya fi albarka. Ya faɗa wa kowa cewa ɗalibinsa ne zai yi. In na je gobe hannu rabbana, da wane ido zan dube shi? In kuma maganar nan ta fita, an dinga ce min Uzairu mai giya ke nan har jikokina."

"Da dai ka samu matar tukuna, kafin a kai ga jikokin."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, wa zai aure ka da wannan kunnen?"

"Ko yanzu na jiƙa wani geron ba zai jiƙu ya niƙu ya kwana kafin hantsi ba. Shi ke nan, na kashe kaina."

Iya ta bar shi ya daɗe a haka, tana ɓare gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, har na fara jin haushinta. Can ta nuna ƙofar madafa da haɓa.

"Tashi ka ɗaga faifan da ke kan bahon can, ka daina min zaman makoki a kan turmi."

Ya tashi, ya ɗaga faifai, ya tsaya. Ƙaton baho ne cike da gero, ya jiƙu ya yi ɓul-ɓul, ga ƙullin citta da kanumfari da masoro a gefe, ga busasshen dankali, ga tsiron shinkafa a ƙwarya.

"Wannan fa? Biki za ki yi?"

"Uwarka Lami ta bugo min waya jiya, baki har kunne, wai ɗanta ya gama aikin Juma'a tun Litinin, ba ya wasa da sana'a. Ina ajiye wayar na ce a buɗe min rumbu."

"Kin sani tun jiya, kika bar ni ina ta zuba?"

"In na faɗa maka a waya ai cewa za ka yi tsohuwa ta ruɗe. Gara hancinka ya ji da kansa, shi ba ya mantuwa."

"Amarya, ashe dai kina sona."

"Malam Shitu nake jin kunya, kai wa ya damu da kai. Saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Ka kai inji yanzu, a niƙa da kayan ƙamshin, dankalin da tsiron kuma a niƙa su daban. Ƙullun ka raba uku, kashi biyu ka sheƙa musu tafasasshen ruwa ka tuƙa har ya yi kauri. Sai ya huce, yadda ɗan yatsanka zai zauna a ciki bai ƙone ba, sannan ka zuba ɗanyen da ka haɗa da tsiron. Ka rufe. Kwana nawa?"

"Ɗaya."

"Ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

"Ɗaya tak, Hajiya."

"Da asuba ka tace, ka ɗanɗana da bakinka, ka kama hanya. Waccan kuma ka haƙa rami a bayan gari ka binne ta, da 'yan uwanta uku na gida. Kada ka zubar min a nan awakina su sha su hau katanga. Geron Malam kuma ka faɗa masa gaskiya bayan an watse, kada ka ci amanar mutum ka haɗa da ƙarya."

"Na ji. Gobe kuwa zan tsaya a gaban kowa in ce kunun Iya Hansatu ne, a yi miki addu'a."

"Ka ce na wa? Ni da ko muciyar ba zan taɓa ba? Hannunka zai tuƙa, bayanka zai yi ciwo." Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, muryarta ta ɗan sauka. "Shekara arba'in duk sunan da aka yi a garin nan da kununa aka yi shi. Na haifi tara, jikoki ban san iyakarsu ba, kowa ya sha ya goge baki. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in duba masa nasa sai kai, mafi munin cikinsu. In Malam ya tambayi wanda ya yi, ka ce Uzairu ne, kuma ka faɗa da ƙarfi."

Uzairu ya dube ta. Sai ya yi dariya yana goge ido da hular, ya durƙusa har ƙasa.

"Na sallama, amarya. Yau kin kayar da ni."

"Yau kawai? Ɗauki bahon, mai gida, mai inji yana rufewa da magariba."