Harshen Zinariya da Akun Barossa

Duk kwarin Barossa babu wanda Allah ya hore wa sanin inabi kamar Lindsay Traeger. Mu da aka haifa a gindin kurangar inabi har yanzu lalube muke, shi kuwa damina ɗaya ta ishe shi. Da ma tayar mota yake sayarwa a birnin Adelaide. Da ya sayi tsohuwar gonar nan ta kan tudu, sai ya haɗa har da hotunan masu gemun da ke rataye a falo, ya wayi gari yana kiransu kakanninsa. Wa zai musa? Ai saye ya yi.

Harshen Zinariya muke ce masa. In ya kurɓi jan giya sai ya lumshe ido, ya ce yana jin ƙamshin sirdi da hawayen magabata. Matarsa Merle ta ce ita dai tsami take ji.

Bana ne girbinsa na fari, ya kuma yi shela a mashaya cewa giyarsa ce za ta ɗauki lambar gasar kwarin. Da Fabrairu ya kama, inabi ya fara baƙi, kowa ya lulluɓe kurangarsa da raga saboda tsuntsaye. Maƙwabcinsa Kev ya kai masa aron ragar da ta yi masa saura har gida. Gogan ya soka yatsu a aljihu.

"Kev, abokina, kurangar da ta shekara ɗari ba a sa mata gidan sauro. Masu ɗaukar hoto na tafe ranar Asabar. So kake su ce gonar kakannina tana jinya?"

Kev ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya mayar da ragarsa mota. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Da tsuntsayen kwarin suka tarar ko'ina a rufe sai gona ɗaya, suka aika wa dangi. Aku suka zo da surukansu. Lindsay ya fito da murfin tukunya yana kaɗawa, suka ɗauka kiɗan walima ne. Kafin Asabar, ganye kawai ya rage.

A mashaya ya shaida mana cewa ko tsuntsu ya san inabi na gari, shi ya sa suka tsallake namu. Gaskiyarsa. Alƙalan gasa ɗanɗanawa suke su tofar. Nasa alƙalan ko ƙwaya ba su tofar ba.