Yadda Za Ka Taya Matarka Ciki Har Kai Ka Yi Tumbi

Illo mijin ɗiyata, kai kac cinye zabina huɗu, kuma yau na aje kunyar surukuta na kira sunanka. Ni ce Fatsuma ta Turba. Cikin matarka Ruƙayyatu wata biyar, ka kai ta awo garin Isa, malamar asibiti ta ce maka, "Ka riƙa taya ta." Tunda ka ƙware, bari in koya wa sauran maza hanyarka. Duk wanda yab bi ta, na yi alkawari, kafin wata bakwai shi za a riƙa yi wa "Allah sauke lafiya."

1. Ka gane mi ake nufi da tayawa

Malama tulu take nufi, da turmi. Kai ka ɗauka kwano ne. In uwarta ta aiko farfesun zabo, wanke hannu ka ce, "Matsa can, likita ta ce in taya ki." Bar mata wuya da ƙafafu. Cinya nauyi gare ta, ga ciki kuma.

2. Ka sayo abin kwaɗayi

In ranta ya so fara mai yaji, hau babur har kasuwar Sabon Birni. Hanya da nisa, baki ba ya zama banza. Ka miƙa mata leda da ƙafar fara uku, ka ce, "Ɗanɗanawa na yi, kar ta ɓata miki ciki."

3. Ka huta mata

An ce mai ciki ta huta. Tabarma ɗaya ce gindin darbejiya. Haye ka yi minshari, ita ta surfa gero. Aure ya haɗa ku, hutun zai iske ta.

4. Ku raba magani

Na ƙarin jini na kwalba, mai zaƙin nan, naka ne. Ƙwayoyin da ke maƙale wuya, nata.

5. Ranar komawa awo, ka ce babur ya lalace

Sai tsohuwa ta kai ta, wato ni. Anka ɗora yarinya bisa sikeli, malama ta ja mata fatar ido, fari fat. Ta juyo kaina, gaban matan Tsamaye da na Gatawa: "Inna, ba ku ba ta abinci ne?" Ni! Wallahi har gida mata na nuna ni da baki. Kai kuwa mazagin wandonka ya daina haɗuwa.

Duk namijin da yab bi wanga karatu surukarsa ta fito mashi da muciya, babu ruwana, ban san shi ba, ban aike shi ba.

Saura kai Malam Abu, kawun Illo, da kaz zo neman aure kana ce mini yaro ne mai tausayi. Ran Laraba akwai awo, kuma za ni. Ka taso shi gaba ya hau sikelin nan gaban matan da sunka ji, a karanta nauyinsa da ƙarfi. Sannan ka dube ni ka faɗa mini wa ke da cikin.