Rasuwar Beryl, Motar da Suruki Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Mervyn Tolhurst, mai kiwon tumaki a yammacin garin Cunnamulla, nake sanar da rasuwar a-kori-kurata, Beryl. Ta rasu ranar Talata da sanyin safiya, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiya ba ta san ƙyuya ba. Ta ɗauki gashin tumaki, ta ɗauki wayar shinge, ita ta kai matata asibiti a tafiyarta ta ƙarshe. Kowace safiya sai ta yi tari biyu, "kyar, kyar," sannan ta ce "gurrr," mu tafi duba komayen ruwa.

Ba ciwo ya kashe ta ba. Lachlan ne, mijin 'yata Raelene, ɗan birni. Sau ɗaya na ba shi makulli. Kangaru, naman dajin nan mai tsalle, ya tsallako hanya. Duk wanda aka haifa a dajin nan ya san ba a kauce wa kangaru: ka taka birki, ka riƙe sitiyari, ƙarfen gaban mota ya yi aikinsa. Shi kuwa tausayi ya ji. Ya murɗe sitiyari, ya rungumi bishiya ɗaya tilo da ke filin. Kangaru ya wuce lafiya. Lachlan ko ƙwarzane bai yi ba.

Ya dawo a ƙafa yana cewa, "Haba Merv, kwantar da hankalinka, ɗan *bingle* ne kawai."

Na tambayi Misis Pengilly, tsohuwar malamar makaranta. Ta ce kalmar tana nufin ɗan karo mara lahani, wai daga bakin masu haƙar ma'adinai na yankin Cornwall ta samo asali, ƙarar abu in ya ƙwanƙwashi abu. To ni injin mota na tarar zaune a kan kujera.

Ta bar ni, ta bar karyata Tuppence, ta bar tumaki dubu biyu da komaye masu nisan mil tara. Raelene kuma har ta fara: "Baba, ba mota, ga idonka ya yi rauni. Ka dawo gari, ɗaki na nan."

Jana'iza Asabar, ƙarfe goma. Maƙwabcina Col Dunstan zai ja ta da tarakta zuwa kwazazzabon bayan rumfar askin tumaki, kusa da motar mahaifina. Akwai shayi da gasasshen rago. Kada a kawo furanni. Lachlan in ya zo, ya tsaya bayan shinge.

Raelene, kada ki zo da akwatin kwashe kayana. Na gyara sirdin tsohuwar goɗiya. Ranar Lahadi ni zan duba ruwa.