Rasuwar Ƙofar Sitonmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya nake sanar da 'yan ajinmu na koyon shirya fim, da duk wanda ya ratso ta gaban wannan allon sanarwa, rasuwar ƙofar siton gidanmu.

Kafin in ci gaba, a yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da amsar jarrabawa, ita ma nakan rufe ta da hannu in malami ya zo wucewa. Ni ce mai zama a kujerar ƙarshe ta jikin taga, wadda in an kira sunanta sai an ce ta ɗaga murya. Sanarwar rasuwa a jaridu na karanta da yawa, na ga yadda ake jera ta, shi ne na kwaikwaya. Kalmomin da ake buɗe ta mutane da su kuwa na bar wa mutane abinsu, don na san iyakata. In duk da haka an ga rashin ladabi, a ɗauka ruɗewa na yi. Kuma lallai na ruɗe.

Marigayiyar ta girme ni. A gidan muka same ta, a ƙarshen wani ɗan siririn lungu tsakanin kicin da banɗaki, tana tsare da buhunan abinci da tsofaffin tukwane da akwatunan da ba wanda ya san inda makullinsu yake. Katako ce, da shuɗin fentin da ya riga ya fara ɓarewa tun kafin in yi wayo. Ba ta da kyau, wannan ko ni ba zan yi mata ƙarya ba. Murya Allah ya ba ta.

Ta san hannun kowa. In Mama ce, cikin sauri, sai ta ce "ƙyat" ta yi shiru. In Yayata ce, wadda ba ta taɓa buɗe ƙofa da hannu ba matuƙar tana da ƙafa, sai ta ce "ƙiiiyak" kamar mai kai ƙara. Ba ta taɓa rufa wa ɓarawon sukari asiri ba, ko da kuwa ni ce. Sannan tana da wata murya ta musamman da ba ta bayarwa sai ga wanda ya tura ta a hankali, a hankali ƙwarai, da yatsa ɗaya. Takan faro daga ƙasa, "gurrrr", ta hau, ta yi siriri, "ƙiiiiiii", har sai ka ji tsikar jikinka ta tashi, sannan ta tsinke. Sai ka ce ta gama. Kana sauke numfashi sai ta ƙara da ɗan ƙaramin "ƙit", kamar wani ya haɗiyi yawu a bayanka.

Ta shiga harkar fim da tsufanta, ta dalilina. Kun san aikin da Malam ya ba mu na ƙarshen zango: gajeren fim na fargaba, ba aljani, ba jini, mai kallo dai ya kasa jingina da kujerarsa. Kun kuma san ƙa'idojin da ya yi ta nanata mana. Kada a nuna fuskar mugu. Mai kallo ya riga jaruma sanin cewa ba ita kaɗai ba ce a gidan. A saba wa kunne da wata ƙara ta yau da kullum har ya sake da ita, sannan a juya ta ta zama abin gudu. Abin da ya fi ban tsoro a ɓoye shi sai ƙarshe. Ya kuma ce duk sautin da ke cikin fim, ɗalibi ne zai ɗauko shi da kansa, wanda ya sauko da na intanet ya faɗi, don kunnensa ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan cikinsa. Na rubuta duka, na ja musu layi, na haddace.

Wasunku suna da kyamara, wasu suna da yayye masu mota, wasu abokai masu iya faɗan wasa. Ni waya nake da ita mai tsagaggen gilashi, da Yaya, da ƙofa.

Labarin ba shi da tsawo. Mace ce ita kaɗai a gida, ta fara lura kayan sito suna sauya wuri. Yaya ce macen, a ranakun da ba ta da aikin rana a asibiti. Mugun kuma ba a ganin komai nasa sai takalma a ƙarƙashin ƙofa, takalman Baba na fita unguwa, ni ce a cikinsu, wayar tana jingine a kan teburin guga. Da tsakar rana muke ɗauka, mu toshe tagogi da barguna don a ga duhu.

"Darakta," in ji Yaya, haka take kirana in tana son ta ɓata mini rai, "zufar nan fa ba ta tsoro ba ce, ta bargonki ce. In na sume ki ɗauka, kada ta tafi a banza."

Marigayiya kuwa ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta makara, ba ta neman ruwan sanyi, ba ta tambayar ko ta yi kyau. A fitowar farko ta yi muryar Mama, mai kallo ya san ta. A tsakiya ta yi ta Yaya, daga nesa, alhali jarumar tana zaune a falo ba ta taɓa komai ba. Fitowar ƙarshe kuwa tata ce ita kaɗai. Jarumar ta ɓuya a cikin siton, ta kashe fitila, allo ya yi baƙi ƙirin. Sai a ji doguwar muryar nan, tun daga "gurrrr" har zuwa "ƙit". Shi ke nan, fim ya ƙare.

Da na ɗauki wannan muryar tun ranar farko, da ba ku karanta wannan takarda ba. Amma an ce abin tsoro a ɓoye shi sai ƙarshe, ni kuma na ɓoye shi har ga wayata. Na ce sai ranar, sai an gama komai, sai in tura ta da yatsana a natse. Na bi maganar Malam har na wuce inda Malam ya tsaya.

Ba ta yi jinya ba. Cikin ƙoshin lafiya aka yi mata magani ta cika.

Baba gyaran keken ɗinki yake yi, a shagon da ke jikin gidanmu, bango ɗaya ne tsakaninsa da lungun sito. Mutum ne da ba ya iya jin ƙarfe yana kuka ya ci abinci. Ya daɗe yana harin ƙofar nan da 'yar butar mansa mai siririn baki, Mama ce take tare shi saboda kukan ƙofar ne yake yi mata gadin sukari. Ga abin da ya yi ta ji ta bango tsawon kwanakin nan: in ce "A yi shiru!", gida ya yi tsit, ƙofa ta yi kuka, in ce "A sake." A yi shiru, kuka, a sake. Sannan in fito idanuna jawur. Bai san Yaya ce take fashewa da dariya duk sanda ta hango ni ina jan takalmansa ba. Shi dai ya ga 'yarsa tana neman shiru, ƙofa tana hana ta.

Ranar da za mu ɗauki fitowar ƙarshe na dawo daga makaranta da gudu. Na rataya barguna, na jingine waya, na sa yatsa ɗaya na tura. Ta tafi sumul, kamar an zuba ruwa a kan tayil. Na jawo ta, na sake turawa. Sai a lokacin hancina ya kama ƙamshin man keke.

Baba yana tsaye a bakin lungu, hannuwansa a baya, yana ƙoƙarin danne murmushi.

"Auta, ƙara tura ta. Tura mana. Kin ji wani abu?"

"Ban ji ba, Baba."

"Ba kuwa za ki ƙara ji ba, in Allah ya yarda. Yi fim ɗinki hankali kwance."

Daga baya Mama ta gaya mini ba ɗiga mai kawai ya yi ba. Sauke ƙofar ya yi gaba ɗaya, shi da ciwon bayansa, ya kankare tsatsar ƙarafunan da take rataye a kansu, ya wanke, ya mayar. Keken wata mata ya bari a warwatse a kan tebur don ya yi wannan. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na gode, Baba." Muryata ta yi rawa, ya ɗauka daɗi ne.

An yi ƙoƙarin ceto ranta, kada a ce an yi sakaci. Duk sanda Baba ya tafi kasuwa sayen kayan gyara, ina durƙushe a gindinta. Na wanke gaɓoɓinta da sabulu. Na zuba ruwan gishiri na jira tsatsa. Na cusa yashi da tsinke. Aikin Baba aiki ne, ko gezau ba ta yi ba. Na ɗauko gajeren kukanta na fitowar farko na ja shi a kwamfuta don ya yi tsawo, ya koma kukan saniya. Yaya ta gwada yi da baki, ta kai tsakiyar "ƙiiii" ta ƙware. Da ta farfaɗo sai ta kara kunnenta a jikin katakon, ta yi fuskar asibiti, ta dafa kafaɗata.

"Darakta, sai haƙuri. Da kin kawo ta da wuri."

Ni da ko gaisuwa ciki-ciki nake yin ta, haka na ɗauki waya na bi maƙwabta gida-gida, ina roƙon a bar ni in saurari ƙofofinsu. Na tarar Baba ya riga ni. Tunda ya yi tamu hannunsa ya buɗe, duk layin ya bi da butarsa, kyauta. Matar gidan da ke kallonmu har addu'a ta yi ta zuba masa a gabana, tana buɗe ƙofar ɗakinta tana rufewa don in ji yadda ba a jin komai. A layin baya na sami masu kuka, amma na ƙarfe ne, muryarsu daban. Kunnen da ni da kaina na horar tun farkon fim ba zai karɓi baƙuwa a ƙarshe ba.

Na je ofishin Malam neman ƙarin lokaci. Na daɗe a tsaye kafin in ƙwanƙwasa. Da na shiga na ce ƙofata ta daina magana, na ji yadda maganar ta fito, sauran bayanin ya maƙale. Bai ɗago daga takardunsa ba, ya ce ranar nuna finafinai tana nan inda take, in kawo abin da nake da shi.

Yaya ta ce, "Ki gaya wa Baba mana, ba cinye ki zai yi ba. Wataƙila ya san yadda ake ɓata abin da ya gyara." Na yarda. Na nufi shago, na tsara maganar a raina tun daga kicin. Na same shi yana ɗaure wa wani tela bel ɗin keke, yana ce masa, "'Yata fim take shiryawa, na makaranta. Ni ne ma nake kula mata da harkar sauti." Ya hango ni, fuskarsa ta washe. "Ga ta nan. Auta, sunayen nan da suke hawa a ƙarshen fim, ana sa na irinmu?" Na ce ana sawa. Na koma ciki na sa. Mai kula da sauti. Ba ƙarya na rubuta ba.

Marigayiya ta bar kwaɗonta da sakatarta, suna nan lafiya, ba su san abin da ya faru ba. Ta bar kwan fitilar sito, abokin aikinta, wanda yake ƙyafta ido a fitowa ta biyu, shi ma ina jin tsoron ranar da Baba zai lura da shi. Ta bar Mama, wadda ta mayar da sukarinta ɗaki. Ta bar fitowar ƙarshe marainiya. Ta bar ni. Abin da ya fi yi mini ciwo, gawar tana nan rataye inda take, ana shiga ana fita ta cikinta, kowa yana yaba yadda ta natsu.

Za a yi jana'izarta ranar Alhamis, a babban ɗakin lacca, lokacin nuna finafinan aji. Nawa ne na kusa da ƙarshe. Ana roƙon mahalarta su kiyaye abin da ke tafe. In jarumar ta kashe fitila allo ya yi baƙi, ba wuta aka ɗauke ba. Kada kowa ya taɓa waya, kada a leƙa bayan na'ura, kada a haska. A nan ne da za ta yi magana. Shirun zai yi tsawo, don tsawon muryarta na auna na bar mata wurinta, ban iya yanke shi ba. Wanda dariya ta taso masa ya haɗiye, albarkacin zaman aji ɗaya. Malam kuma ya rubuta abin da zai rubuta, na riga na yafe.

A layin gaba za ku ga wani dattijo da gogaggun kaya, yana zaune a miƙe saboda bayansa. In sunansa ya hau allo, don Allah a tafa masa, a tafa sosai. Kada wanda ya yi masa ta'aziyya, kada wanda ya yi masa bayani. Wanda ya karanta takardar nan na ƙarshe ranar Laraba ya cire ta ya yayyaga, don Baba ba ya wuce rubutu a jikin bango bai tsaya ya karanta ba.

Ba za a yi zaman makoki ba. Zan zauna a baya, daf da hanyar fita. Allo yana yin baƙi, kowa ya zuba ido gaba yana jiran abin da ba zai zo ba, zan cire takalmina in riƙe a hannu. In an kunna fitila ba a gan ni ba, kada a neme ni. Yaya za ta kai Baba gida.